Kantar ajiye katako a gida: daɓe ne zai ɗauki nauyin, ba bango ba

Tambayar ta zo ne daga wani matashi ma'aikacin ofis da ke taɓa aikin kafinta a ƙarshen mako. Ya mai da garejin gidansu wurin aiki, katakon da ya sayo yana zube a ƙasa, wasu sun fara lanƙwashewa, wani kuma gara ta lasa. Ya ga hotunan da Turawa ke ɗaura ƙarafa a jikin bango su jera katako a kai, yana so ya san yadda zai yi irin wannan, da abin da zai saya.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Kafin ka sayi ko ƙusa ɗaya, je ka ƙwanƙwasa bangon garejin nan da bayan guduma. In ka ji yana amsawa kamar ganga, to ka samu rabin amsarka. Hotunan da ka gani na gidajen Amurka ne, inda bangon kansa na katako ne: akwai tu-bai-fo, wato katako mai inci 2 da 4, a tsaye a cikinsa duk bayan inci 16, mutum ya nemo shi ya ɗaure sukuru, ya kama gam. Mu kuwa bangonmu bulo ne mai rami a ciki, inci 6 ko inci 9, fatarsa ba ta da kauri, kuma kowa ya san yadda wasu masu buga bulo ke ja wa buhun siminti rai har ya haifi abin da bai kamata ya haifa ba. Irin wannan bulon yana jure nauyin da aka ɗora masa daga sama. Abin da ba ya jurewa shi ne a ja shi ta gefe, kuma ainihin abin da ƙarfen da aka manna a bango yake yi ke nan.

Na koyi wannan ne da kuɗina. A shagona na farko na sa mai walda ya yi mini ƙarafa shida masu kusurwa, na ɗaure su da fisha, robar nan da ake cusawa a hujin bango don sukuru ya kama, da dogayen sukuru, na jera falankan madaci a kai, ina ta jin daɗi. Sun yi wata biyar lafiya lau. Da marka ta kankama bangon ya sha ruwa ta waje, wata safiya na buɗe shago na tarar da komai a ƙasa, ƙarafan da guntayen filasta manne a gindinsu, injin goge katakona a ƙarƙashi. Ƙarfe bai karye ba, sukuru bai karye ba, bulon ne ya saki. Allah ya taƙaita da dare abin ya faru, babu yaro a wurin.

Bari mu yi lissafi, don yawancin masu sabon hannu ba sa jin nauyin katako a jikinsu sai ya taru. Tu-bai-fo ɗaya mai tsawon ƙafa 12, na itace mai nauyi irin madaci ko loko, yana kai kilo 12 ko sama. Falanki wan-bai-twel, mai kaurin inci 1 da faɗin inci 12, na itace marar nauyi irin obeche ko melina yana tsakanin kilo 10 da 13 in ya bushe, in ɗanye ne ya fi haka nesa. Hawa ɗaya na kanta mai faɗin inci 14 zai ci tu-bai-fo 18 ba tare da ka lura ba, wato kilo 200 da 'yan kai, buhun siminti huɗu ke nan. Hawa huɗu, buhu 16. Ka tsaya ka kalli bangon, ka tambayi kanka ko za ka yarda ka rataya masa buhun siminti 16 da fisha.

Dabarar ita ce irin ta dirka a rumfa. Ka tsai da ginshiƙai a kan daɓe, hannuwan kantar su fito daga jikin ginshiƙan, nauyi ya bi katako ya sauka ƙasa. Aikin bango ya zama ɗaya tak, riƙe kan ginshiƙin kada ya kifo gaba. Bambancin ba ƙarami ba ne. In ginshiƙai biyar ne, kowane hannu yana ɗauke da kilo 40. Ƙarfen da aka manna kai tsaye, mai sukuru biyu da tazarar inci 8 tsakaninsu, yana fizgar sukurun sama da ƙarfin kusan kilo 40, ga kuma wani kilo 40 yana danna shi ƙasa, kuma haka kowane ƙarfe yake yi, guda ashirin. Ginshiƙi mai tsawon ƙafa 7 da ke tsaye a ƙasa kuwa, duk hawa huɗun da ke jikinsa a cike, abin da yake fizga a can sama bai wuce kilo 20 zuwa 25 ba, don tsawonsa ya zame masa mataimaki. Ɗauri biyar masu jan kilo 25 da ɗauri ashirin masu jan kilo 40, ka ga inda hankali zai kwanta.

Ga yadda nake haɗa ginshiƙin, kuma shi na fi amincewa da shi ga wanda kayan aikinsa zarto ne da guduma da injin huji. Kowane ginshiƙi tu-bai-fo biyu ne masu ƙafa 7, a tsaye gefe da gefe, siririn gefensu na kallon bango. Tsakaninsu kake cusa hannu, shi ma tu-bai-fo, a tsaye a kan siririn gefensa, tsawonsa inci 18: inci 4 a cikin ginshiƙi, 14 a waje. Ratar da ta rage tsakanin hannu da hannu ka cike ta da guntun tu-bai-fo da ya shiga cif. Hannun yana zaune a kan guntun ƙasa, guntun sama ya danne wutsiyarsa, babu inda zai juya. Ka shafa gam, ka huda, ka ratsa kowane hannu da bol mai kaurin milimita 10 da washa gaba da baya. Guntayen cikon ƙusa inci 4 ta ishe su. Hannun kansa kada ka bar wa ƙusa, don ƙusa tana zamewa a hankali idan katako ya sha damina ya sha hunturu, bol kuwa kana iya komawa ka ƙara masa ɗauri. Za ka koma ɗin ma: a ƙarshen hunturun farko za ka tarar kowane noti ya yi sako-sako, katakon ya motse ya bar shi.

Ka ɗan karkata saman guntun cikon yadda bakin hannu zai ɗaga da kamar rabin inci. Idan nauyi ya hau zai sauko kaɗan ya daidaita, kuma abin da ke kai zai riƙa neman bango maimakon neman ƙafarka.

Kada kwaɗayin wuri ya sa ka tsawaita hannu. Kowa yana so ya kai shi ƙafa biyu. Matsalar ita ce in ka ƙara rabin tsawonsa, kayan da zai ci sun ƙaru da rabi, nisansu daga ginshiƙi ma ya ƙaru da rabi, wahalar da gindin hannun ke sha ta ninka biyu har da ɗori. Ban da haka, falankin da kake nema kullum shi ne na can ƙurya a ƙarƙashin kowa. Inci 14 ya ɗauki wan-bai-twel da sauran wuri, ya isa.

Tazarar ginshiƙai kuwa tsawon katakon kasuwa ne ke yanke ta. Abin da za ka samu a 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko Panteka in a Kaduna kake, yawancinsa ƙafa 12 ne. Ginshiƙai biyar, ƙafa biyu da rabi tsakanin kowane biyu, sun ba ka ƙafa 10, katako ya leƙo da ƙafa ɗaya ta kowane ɓangare. Na san za ka ce uku ma sun ɗauka. Sun ɗauka, amma falankin inci ɗaya da aka bari ƙafa biyar babu abin da ya tallafe shi zai yi ciki, ya bushe a haka, kuma ba ya komawa. Kanta mai ginshiƙi uku injin lanƙwasa katako ce da ka gina da hannunka. Hawa na farko ka fara shi inci 12 daga daɓe, sauran a 30, 48 da 66. Na saman ya zo kamar daidai ido, inda za ka iya sauke abu ba tare da hawa kujera ba. Tu-bai-fo 12 za su yi maka aikin, don ragowar ƙafa 5 da ke fita daga kowane ginshiƙi ita za ta zama hannuwa da ciko. Sayi 14 saboda ɗaurin sama da kuskuren zarto. Ka tafi kasuwa da tef ɗinka. Abin da ake kira tu-bai-fo ba kasafai yake cika biyu da huɗu ba, kuma na wannan tari ba ya zama daidai da na wancan, don haka ka ɗiba daga tari ɗaya, ka ɗaga kowanne ka saita ido a tsawonsa kamar mai duba bindiga, wanda ya murɗe ko yake da babban ƙulli ka mayar.

Inda masu gaggawa ke faɗuwa shi ne daidaita hannuwan. Daɓen gareji ba ya taɓa zama daidai, da gangan ma ake zubo shi wajen ƙofa saboda ruwa. In ka auna kowane ginshiƙi daga ƙasa, hannuwan za su bi gangaren, in kuma daɓen yana da tudu da kwari, na tsakiya zai fi sauran tsawo ko gajarta, katako ya kwanta a kan uku ya bar biyu. Haɗa ginshiƙan duka a ƙasa da ma'auni ɗaya, tsai da na farko da na ƙarshe, daidaita su da siririn tiyo mai ruwa irin na magina, ja igiya daga hannu zuwa hannu, sannan ka ɗaga na tsakiya da 'yan sala-salan tayil ko ƙarfe har kowanne ya sumbaci igiyar. Wannan aikin minti talatin ne, kuma shi ne ya raba kanta da tarin itace.

Ɗaurin sama ya danganta da bangon da Allah ya ba ka. Mafi kyau shi ne ka shimfiɗa tu-bai-fo ɗaya a kwance a bayan kawunan ginshiƙan, ka ratsa shi da bangon gaba ɗaya da dogon bol mai zare, milimita 10 ko 12, ya fita ta waje, ka sa masa farantin ƙarfe mai faɗin tafin hannu kafin noti. Uku ko huɗu sun isa. In bayan bangon ɗakin maƙwabci ne, ko mai gida ba zai yarda ba, nemi linta, wato kankaren saman ƙofa ko taga, ko wani wurin da aka zuba kankare, nan bol mai buɗewa yake kamawa da gaske. In babu, fasa ramin bulon a inda kake so, cika shi da kankare, dasa bol ɗin a ciki, ka ba shi mako guda kafin ka ɗora komai. Kafin kowace huda ka duba inda soket da makunnin wuta suke, don waya takan bi ta samansu ko ta ƙasansu a miƙe cikin filasta. Ƙusar kankare kuwa ka bar ta wa masu rataya kalanda.

Ginin ƙasa ba a ɗaura masa komai. Haka gidan haya da ba ka san ranar tashi ba. A nan sai kanta mai tsayuwa da ƙafarta: ginshiƙi gaba, ginshiƙi baya, a haɗa su da guntaye kamar tsani, a yi tsani biyar, a ɗaure su da katako a kwance da wani a gicciye ta baya don kada ta yi rawa. Aibinta ɗaya, ta bakin ƙarshenta ake zura katako, don haka tana son fili ƙafa 12 a gabanta, sai ka saita bakinta da ƙofar garejin. Ko da mai jingina da bango za ka yi, ɗauki falanki ɗaya ka gwada shiga da shi daga titi har wurin kafin ka yanke shawarar bangon da za ka zaɓa. Na ga wanda ya gama kanta tsaf sannan ya gano sai ya cire taga.

In kana da mai walda da ka yarda da hannunsa, ƙarfen angul mai inci 2 yana yin wannan aikin duka, bai cin wuri, gara kuma ba ta da rabo a ciki. Ƙa'idar ba ta canza ba, ƙafa a ƙasa, ɗauri a sama, kowane hannu da ɗan tokari a ƙarƙashinsa. Sai dai ka shimfiɗa siririn katako ko tsagaggen tiyo a kan kowane hannu, don ɗanyen madaci in ya kwana a kan ƙarfe yakan yi baƙin tabo da ke shiga cikin naman itacen, sai ka ci da yawa da injin gogewa kafin ya fita.

Yanzu maganar gara, wadda ita ce ta kawo ka. Kakanninmu da suka ɗora rumbu a kan duwatsu sun gama wannan binciken tuntuni. Dutsen ba ya hana gara hawa, abin da yake yi shi ne tilasta mata ta gina hanyarta ta ƙasa a fili inda ido zai gani. Haka za ka yi: gindin kowane ginshiƙi ya zauna a kan tayil ko farantin ƙarfe, kada ya shiga cikin daɓe, kuma inci 12 ɗin nan na ƙasa ya zauna fayau, tsintsiya tana shiga tana fita. Ranar da ka fara tura guntaye da buhunan dussar katako a ƙarƙashin, ka shimfiɗa mata tabarma. Duk tsagar da ke daɓen ko inda daɓe ya haɗu da bango ka toshe ta da siminti tun yanzu, ta nan take fitowa. Gindin ginshiƙai da bayansu ka shafe su da Solignum ko wani maganin katako. Baƙin mai da kowa ke shafa wa katakon rufi yana taimakawa, ba na musu, amma kada ya kusanci hannuwan kantar: zai shiga falankin da za ka yi teburi da shi, fenti da gam duk su ƙi kama wurin. Akwai kuma ɗan ƙwaron nan mai huda katako ya bar gari kamar fulawa, yana son obeche ƙwarai. In ka ga ɗan tulin gari a ƙarƙashin wani falanki, fitar da shi waje a ranar, kada ka jira ya raba wa maƙwabtansa.

Lanƙwashewar da ka gani kuwa ba laifin daɓe ba ne shi kaɗai. Yawancin katakon da ake sayarwa a Arewa daga dazukan Kudu da na wajen Taraba yake zuwa, an tsaga shi ba da daɗewa ba, da ruwansa. Ya baro inda iska ke jiƙe ya iso inda a tsakiyar hunturu laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a watan Agusta kuma ta haura 70. Katako yana bin iskar da yake ciki, ya sha ya kumbura, ya saki ya motse. Falanki mai faɗin inci 12 yana iya raguwa da milimita 3 zuwa 6 tsakanin damina da hunturu, shi ya sa ƙofar da aka haɗa a Agusta take buɗe baki a Janairu. In fuska ɗaya tana kan daɓe mai sanyi, ɗayar tana shan iska, ta saman za ta riga bushewa ta ja falankin ya zama kamar kwami.

Saboda haka sabon katako ba ya hawa kanta a manne da juna. Ka tsaga 'yan sanduna busassu masu kaurin kamar inci ɗaya, ka sa tsakanin kowane falanki da na samansa, kowace sanda daidai saitin hannun kantar, ɗaya bisa ɗaya kamar an ja layi. In sandar ta kauce daga saitin hannu, ita da kanta za ta lanƙwasa na ƙasa. Bakin falankin biyu ka shafe su da ragowar fentin mai ko narkakken kyandir, don ta baki ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsagewa ke farawa. Ka ɗora wani abu mai nauyi a kan na sama. Da hunturu matsalarmu ba rashin bushewa ba ce, saurinta ne, don haka in iska na bugowa kai tsaye ta ƙofa ka rataya buhu ya tare ta. Rana kuwa kada ta taɓa shi sam, kuma hawan da ke kusa da kwanon rufi, inda zafin bazara ke taruwa, na busasshen katako marar nauyi ne kawai. In kana son sanin ko ya bushe ba tare da na'ura ba, zaɓi falanki ɗaya ka riƙa ɗora shi a sikeli duk Juma'a kana rubuta nauyin a jikinsa da fensir. Ranar da ya yi mako biyu ko uku bai ragu ba, ya daidaita da ɗakin, kana iya cire sandunan ka jera shi a manne.

Filawud da MDF, allon nan da ake yi da garin katako da gam, ba na wannan kantar ba ne. Faɗinsu ƙafa 4 ne da 8, kuma MDF mai milimita 18 yana kai kilo 40 shi kaɗai. A tsaye ake ajiye su a kan dogon gefensu, bisa ɗan dandamali mai inci 4 daga ƙasa, kusan a miƙe, da abin jingina a bayansu tun daga ƙasa har sama. In ka jingina su da nisa daga bango za su yi baka. MDF kuma ko ruwan wanke daɓe ya taɓa gefensa ya kumbura ke nan har abada. Guntaye ka samo rabin duro ka tsai da su a ciki, in ya cika kada ka nemo na biyu, ka zaɓi na zaɓa ka ba masu murhu sauran. Ban da wanda aka shafa wa magani da guntun MDF, hayaƙinsu ba na girki ba ne.

Abu na ƙarshe, tunda a cikin gida kake. Ga yaro ɗan shekara biyar wannan kantar tsani ce, kuma zai gwada ta ranar da ba ka nan. Masu nauyi su zauna a hawa biyu na ƙasa, bakin kowane hannu ka huda shi ka sa ɗan turke mai cirewa don kada wani abu ya mirgino, kusurwoyin hannuwan da ke daidai fuska ka goge su su yi laushi, garejin kuma ya samu kwaɗo. Janareto da jarkar fetur su koma wani wuri, ba sa kwana ɗaki ɗaya da busasshen katako da dussarsa. Kafin ka jera katakon, ka rataya da dukan nauyinka a bakin kowane hannu ɗaya bayan ɗaya, wani yana kallon ɗaurin sama. In ya ga ƙurar filasta na zubowa ko farantin ya motsa, sauka ka sake wannan ɗaurin tukuna.